Ruwan da Ke Taruwa a Tiyon Baba

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na asuba ruwa ya fara shiga hancin Baba. Na san lokacin saboda idona biyu, ina lulluɓe da bargo ina bitar darasi, a shekarar da zan yi jarrabawar bak ta gama sakandare, wayar Inna kuma tana gefena a madadin agogo. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da nasa. Da farko na ji wani ƙara, ɓul-ɓul-ɓul, kamar ana tsiyayar ruwa daga buta. Sai tari ya biyo baya, irin na wanda ya ƙware. Da na leƙa tsakar gida na gan shi a bakin ƙofa yana fyace hanci, takunkumin na'urar numfashinsa a hannunsa, ruwa na ɗiga daga ciki.

Baba direban motar kasuwa ne. Daga Tasawa yake ɗaukar mutane da buhunan gero da gyaɗa zuwa Maijirgi da Korgom da Mayahi, kowace kasuwa da ranarta. Motar ba tasa ba ce, ta wani Alhaji ce a unguwarmu. Tun ina ƙarama na san minsharin Baba kamar yadda na san kiran salla. Maƙwabta har tsokanar Inna suke yi, wai ba ta buƙatar kare a gida. Abin da maƙwabta ba su ji shi ne shirun da ke tsakani: minsharin ya tsinke, numfashi ya ɗauke, sai Inna ta taɓa shi sannan ya ja iska da ƙarfi. Da rana kuwa ko a tsakiyar magana sai ka ga kansa ya sunkuya. Wata bazara gyangyaɗi ya kama shi a kan sitiyari, motar ta bar hanya ta shiga gonar mutane ta kafe cikin rairayi. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo, amma a ranar Alhaji ya karɓi makullinsa.

Ƙanen Baba da ke aiki a Yamai, wanda muke kira Baba Ƙarami, shi ya kai shi wurin likitoci. Suka kwantar da shi dare guda da wayoyi a jikinsa, suka ce maƙogwaronsa ne ke rufewa in barci ya yi nauyi. Baba Ƙarami ya rako shi gida da wata na'ura ta hannu, ba kwali ba takarda. Girmanta bai wuce rediyo ba. Tana hura iska ta cikin tiyo mai tsawon gaba guda zuwa wani abin roba da ake ɗaurawa a hanci, wanda Baba ya sa wa suna takunkumi, wai irin na ɗan maraƙi. A gefenta akwai ƙaramin mazubin ruwa da take ɗumamawa, don iskar ta ɗauki laima kada ta busar da hanci.

Ranar da Baba Ƙarami zai koma, abu ɗaya ya yi ta nanatawa: kada a bar ta cikin zafi. Ba wanda ya yi masa gardama. A garinmu zafi ne ke kashe kaya. Mun ga batir ya kumbura, mun ga waya ta mutu don an manta ta a kan tabarma da hantsi, maganin da aka ajiye a ɗaki ma narkewa yake yi. Saboda haka Inna ta nema wa na'urar wurin da ya fi ko'ina sanyi a ɗakin, wato bakin taga, can sama, inda iska ke shigowa. Baba kuwa a katifa yake kwana a ƙasa. Tiyon ya sauko daga taga, ya bi jikin bango, ya iske shi a kan matashi.

Haka aka yi sauran bazara, aka yi damina, ba wata matsala. Gidanmu ya yi shiru har Inna ta ce da farko shirun ne ya hana ta barci. Fuskar Baba ta washe, ya daina barci a masallaci. Alhaji ya mayar masa da makulli, da sharaɗi guda: ranar da ya sake jin an ce ya yi gyangyaɗi a kan hanya, ko sau ɗaya ne, aikin ya ƙare.

Kula da na'urar ya faɗo kaina ba tare da an ce mini ba. Ni ce babba a gida, kuma ni ce mai tsoron yin abu ba daidai ba. Kowace safiya bayan Baba ya fita sai in zubar da sauran ruwan, in wanke mazubin, in rataye tiyon a inuwa ya bushe. Da yamma in zuba ruwan da na tafasa na tace, daidai kan zanen da ke jikin mazubin. Ban cika magana da Baba ba. Gaisuwa ce da safe, sai in ya tambayi lakwal, wato makaranta, in ce lafiya lau. Wannan aikin shi ne hirar da ke tsakaninmu.

To sai ɗari ya shigo, aka yi wannan asubar.

Da gari ya waye Inna ta ɗauki tiyon ta jijjiga, ruwa ya zubo kamar rabin kofin shayi. Ta taɓa gindinsa, wurin da ya haɗu da na'urar, ta ji ɗumi. Nan take ta yanke hukunci: injin zufa yake yi, aiki ya yi masa yawa, ga shi an rufe taga saboda sanyi. A daren aka buɗe tagar duka. Ruwan ya ƙaru. Washegari ta kawo tulu ta ajiye ƙarƙashin tagar don wurin ya ƙara sanyi. Da hakan bai yi ba, sai ta yi wa tiyon abin da kowace mace a Tasawa ke yi wa bido, wato jarkar ruwan sha: ta naɗe shi da tsumma ta jiƙa. Dabara ce da ba ta taɓa ba mu kunya ba. Bido mai jiƙaƙƙen buhu, in aka rataye shi inda iska ke kaɗawa, ruwansa har haƙori yake kamawa.

A wannan daren sau uku Baba yana tashi.

Muka kira Baba Ƙarami. Ya ce shi ba likita ba ne, wataƙila mazubin ne ya tsage, a duba. In ba haka ba sai dai a kawo ta Yamai, kuma wanda ya san gyaranta ba kullum ake samunsa ba. Kafin ya kashe wayar ya sake tambaya ko dai mun bar ta cikin zafi. Inna ta ce wallahi ko jariri ba a yi wa fifitar da ake yi mata.

Na duba mazubin. Na cika shi na ɗora a kan busasshen faranti tun safe har la'asar, ko ɗigo bai fita ba. Na kuma lura da wani abu: ruwan da ke taruwa a tiyon fes yake, sanyi ƙalau, kuma ɗigo-ɗigo yake a jikin robar tun daga sama har ƙasa, kamar cikin murfin tukunya in an sauke tuwo. Wannan na san shi, mun yi shi a lakwal. Tururi ne ke komawa ruwa. Na faɗa wa Inna a madafa, a hankali, ina wanke kwanoni. Ta ce to, tururi ai daga zafi yake fitowa, maganarta ce dai na maimaita mata da Faransanci.

A nan ne ilimina ya tsaya rabi. Na gane tururi ne, amma ni ma 'yar gidan ce, hankalina bai tafi ko'ina ba sai ga zafin. Na ce in an kashe abin da ke ɗumama ruwan, ba tururi, ba ruwa. Na laluba maɓallan har na gano inda ake rage shi, na mayar da shi sifiri. Lissafina ya fita ta gefe guda, domin a daren tiyon ya kwana a bushe. Amma iskar ɗari busasshiya ce, ga ta ana hura ta da ƙarfi dare guda cikin hancin mutum. Baba ya tashi da maƙogwaro kamar an goge shi da yashi. A dare na biyu ya yi haɓo, jini ya ɓata matashi. Inna ta shafa masa man kaɗe a hanci.

Da safe Baba ya naɗe tiyon da kansa, ya sa na'urar cikin jakarta, ya rataye a ƙusa. Ina tsaye da buta a hannu ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"In an kunna, in sha ruwa ta hanci. In an kashe, in yi jini. Ku bar ni da minsharina, shi bai taɓa ƙware ni ba."

Minsharin ya dawo a daren, da shirun da ke tsakaninsa. Kafin mako ya zagayo na sake ganin tsohon Baba. Yana cin tuwo hannunsa ya tsaya a cikin kwano. Ya koma cin goro da yawa da shayi mai ɗaci kafin ya fita. Inna ta daina zama in la'asar ta yi, sai ta yi ta kai da kawowa tsakanin madafa da zaure har ta ji ƙarar motar. Ba wanda ya ambaci Alhaji a gidan, amma kowa ya san motar cike take da mutanen unguwa, kuma baki ɗaya ya isa.

Labarin Hajiyar Mayahi daga bakin Baba ya fito, cikin raha. Wai wata fasinja ta ce masa akwai wata tsohuwar unguwarzoma ta gidan likita a can, ta yi ritaya, ita ma da irin takunkuminsa take kwana, ɗanta ne ya kawo mata. Inna ta ajiye ludayi ta ce ai sai ya je ya tambaye ta. Baba ya ce Allah ya sawwaƙe, shi da gemunsa ya je ya yi sallama a gidan mutane ya tambayi matar wani yadda take barci. Inna kuma ba ta iya barin gida da ƙannena. Sai na ga duk sun juyo suna kallona.

Ni ko aike zuwa maƙwabta ba na so. A aji in malami ya kira ni, amsar tana kaina amma muryata ba ta kai benci na gaba. Duk da haka ban yi jinkiri ba. Na riga na san na'urar ba ta lalace ba, na san wani abu ne muke yi ba daidai ba, kuma ina so in ga ɗakin da ake yin sa daidai. Ranar kasuwar Mayahi ta faɗo cikin hutun lakwal, na sa hijabi na ɗauki jakar na'urar na shiga mota.

Na zauna daidai bayan Baba, tsakanin wata mai kai tabarmi da wata Bafulatana mai ƙwaryar man shanu a cinya. Mun fita da sanyin safe, kowa ya ƙudundune. Da rana ta ɗan ɗaga, motar ta yi ɗumi, hira ta mutu. Ina kallon ƙeyarsa. Sai na ga hularsa ta yi gaba a hankali, ta dawo da sauri. Bayan ɗan lokaci ta sake.

Ba zan iya taɓa shi ba, ba zan iya cewa Baba kana barci a gaban mutane ba, don maganar za ta riga mu komawa Tasawa. Sai na matsa na tambaye shi sunan ƙauyen da muka wuce. Ya ɗan yi mamaki, ya faɗa. Na tambayi na gaba. Na tambayi dalilin da ya sa rumbunan nan suka fi namu tsayi, da inda ake samun ruwa a wannan yanki, da ko a wannan hanyar ya koyi tuƙi. Ya ce a'a, a babbar mota ya koya, ya shiga ba ni labarin maigidansa na farko wanda ba ya yarda a ci gyaɗa a motarsa. Bafulatanar ta ce da mai tabarmi, yarinyar nan da na ɗauka kurma ce ashe rediyo ce. Aka yi dariya, har da Baba. Ban bar shi ya yi shiru ba har muka shiga tasha. Maganar da na yi da shi a wannan hanya ta fi wadda muka yi a shekara.

Gidan Hajiya ba shi da wuyar samu, domin rabin garin ita ta karɓi haihuwarsu. Na iske ta a rana a tsakar gida tana saƙa hular jarirai da zaren ulu. Mace ce mai jiki, muryarta kamar ta mai shela. Na durƙusa na gaishe ta, na rasa ta inda zan fara. Ta dubi jakar da ke hannuna ta ce ba sai na faɗa ba, ta san wannan jaka, wa ke minshari a gidanmu? Na ce Baba. Ta ce madalla, ta samu ɗan'uwa, ita a zatonta ita kaɗai ce a ƙasar nan ke kwana kamar matuƙin jirgin sama.

Ta sa aka kawo mini fura. Sannan ta ce in faɗa mata komai daga farko, kada in tsallake. Wannan kam na iya. Na faɗa mata taga, da katifar ƙasa, da lokacin da ruwan ke zuwa, kullum gab da asuba. Na faɗa mata tulu. Da na zo kan jiƙaƙƙen tsumma sai ta ajiye saƙarta ta yi dariya har da hawaye, tana cewa Allah ya shi albarka ga uwata, ita ma da ba ta yi aikin likita ba abin da za ta yi ke nan. Da na faɗi na haɓon ba ta yi dariya ba. Ta ce tunanin ba laifi, sai dai na kashe wutar girki ne kawai saboda murfi ya yi raɓa.

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ja ni zuwa ɗakinta. Tagarta a rufe take, da labule mai kauri. Gadonta dogo ne na ƙarfe, na'urar kuma tana ƙasa a kan 'yar kujerar mata ta katako, ba ta kai tsayin katifa ba. Ban ga tiyon ba da farko, domin sanye yake da riga. Ta saƙa masa ita da ragowar zaren hulunan jarirai, ja da kore da ruwan ɗorawa, tun daga gindi har baki. Daga na'urar ya hau sama zuwa kan gadon, ya shige ƙarƙashin bargo. Ta zare takunkumin ta ce in sa yatsa a ciki, yau ba ta ko shanya shi ba. Na sa. A bushe yake.

Na tsaya ina kallon kujerar da rigar, abin yana shiryuwa a kaina kamar lissafin da aka nuna maka layinsa na farko. Amma ina so in ji daga bakinta, don abin da zan kai gida ba nawa zai zama ba, kuma wata da watanni ana gaya mana zafi ne abokin gaba. Na ce, Hajiya, to in muka rufe taga muka lulluɓe shi, zafin ba zai kashe injin ba? Me zan ce wa Baba?

Ta zauna a bakin gadon, ya yi ƙara, ta ce:

"Ɗiyata, zafin da aka ce ku kiyaye na rana ne, na bazara, ba wanga ba. Injin ba zuhwa yake ba. Iska ce mai ɗumi ke hitowa da laimarta, ta iske tiyo ya yi sanyi, ta aje ruwanta nan, ku kuma kun ɗora inji bisa kun aje mutum ƙasa, ina ruwa zai tahi in ba hancinai ba? Ki sauko da shi ƙasa da kan babanki, ko shi ya hau gado, abin da ya taru ya gangara ya koma inda ya hito. Ki ruhe taga, ki hidda tulun nan. Tiyon ki naɗe shi da busasshen abu, ko hannun tsohuwar rigar sanyi ne, ya shigar da shi cikin bargonai ya kwana da shi. Injin kansa kar ki lulluɓe, bar mishi inda zai sha iska. Ɗumin ruwan ki maida shi, ba can sama ba, tsaka-tsaka, in kin ga raɓa ki rage kaɗan, in hanci ya bushe ki ƙara kaɗan. In ya ce wa ya gaya miki, ki ce tsohuwar da ta hi shi minshari ce."